Barsu da ƙafarsa ɗaya ta baya

Ni manomin albasa ne. Gidana yana cikin Garwa a arewacin Kamaru, lambuna kuma yana bakin kogin Binuwai ta wajen Pitowa. Duk wanda ya taɓa noman rani a yankin nan ya san injin ban ruwa shi ne ran lambu, kuma shi ɓarayi suka fi ɗora wa ido. Sau biyu ana ɗauke mini inji kafin na haƙura na karɓi ɗan kwikwiyo a hannun wani Bafillatani mai kiwo, a ranin 2016. Ja ne, mai farin ƙirji, siriri irin karnukanmu na gida. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya raɗa wa kare suna sai na habaici, ni ma na bi sawunsa na sa masa Barsu. Daga ranar da ya iya haushi ban sake rasa ko tiyo ba.

Ƙafarsa ta farko a kan aikina ta tafi. A ƙarshen 2019 tumakin da nake turkewa a gefen lambu suka ɓalle da dare suka nausa daji. Da safe suka dawo su bakwai cif, babu Barsu. Kwana biyu muna nema, sai yaron lambuna ya ji nishi a ƙarƙashin wata kalgo. Tarkon waya ne, irin wanda ake ɗanawa da wayar birkin babur don zomo da gada, ya shaƙe masa ƙafar baya ta hagu. Wayar ta nutse cikin nama har ba a ganinta, ƙafar ta kumbura ta fara wari. Likitan dabbobin da nake kai wa tumaki ya ce ba ta ceto, ya yanke ta daga cinya. Na ɗauka shi ke nan aikinsa ya ƙare. Ba a yi wata ɗaya ba sai ga shi yana zagaye lambu da ƙafa uku, yana tsalle ɗaya-ɗaya da ta dama, har yana korar awakin mutane. A lokacin ne likitan ya gaya mini cewa kare yana ɗora wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, shi ya sa wanda ya rasa ta baya ya fi saurin sabawa. Ya kuma ja mini kunne da maganar da ban riƙe da kyau ba: "Alhaji, wannan ƙafar da ta rage ita ce jarinsa duka. Ka kula da ita."

A watan Maris na 2022, muna tsakiyar cirar albasa, wani mai babur ya kwashe shi a kan hanyar da ta bi gefen lambu. Ban ga lokacin ba, ƙarar kawai na ji. Na tarar da shi yana jan gindi da ƙafafun gaba, ƙafar bayan ta juya, gwiwar tana kallon waje, ta kuma yi kamar ta gajarce. Babu jini ko ɗigo. Rashin jinin nan shi ya yaudare ni.

A nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai, kuma don shi ne ma na zauna rubuta wannan labari. Na ce targaɗe ne. Na kira wani mai ɗori da na sani, mutumin kirki wanda ya taɓa ɗora wa ɗana hannu ya kuma warke sarai. Ya ja ƙafar, ya shafa mai, ya ɗaure da kara da tsumma, Barsu yana ihun da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ni kuma na tsaya wajen mai tebur na sayo ibuprofen, wanda nake sha idan bayana ya riƙe, na riƙa tura masa cikin tuwo safe da yamma. A kwana na huɗu ya fara amai, kashinsa ya koma baƙi kamar kwalta. Daga baya aka fahimtar da ni cewa maganin nan yana cin cikin kare yana kuma taɓa ƙodarsa, baƙin kashin jini ne. Kwana tara na ɓata tsakanin ɗori da jira kafin na ɗauke shi zuwa wurin likita.

Likitan namu ya lalubi kwatangwalon, ya girgiza kai. Ya ce kan ƙashin cinya ne ya fice daga gurbinsa, kuma aikin ya fi ƙarfin kayan da yake da su. Ban ga laifinsa ba. Harkar lafiyar dabbobi a arewacin Kamaru ta shanu ce da tumaki da awaki, domin su ne dukiyar jama'a. A nan kusa da mu, a Bokle, LANAVET take, inda ake haɗa allurar rigakafin dabbobi. Kare kuwa, in an yi masa ta haukan kare, an gama masa gata. Ya ba ni maganin da zai kwantar da cikin, ya kuma haɗa ni da wani abokin karatunsa a Ngaundare, wanda ya ce yana yi wa karnuka tiyatar ƙashi.

Daren da zan tafi na tsaya bayan sallar isha na sami limaminmu. Kunya ta sa na yi ta kewaye-kewaye kafin na fito da maganar. Na ce, "Allah gafarta Malam, mutum ya ɗauki dukiya ya kashe a kan kare, akwai laifi?" Ya tambaye ni karen na mene ne, na ce na gadi. Ya ce kare na gadi da na kiwo da na farauta halas ne riƙonsa, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Ya tuna mini hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Sannan ya ce, "Amma ka duba gidanka tukuna. In akwai mai haƙƙi a kanka da zai kwana da yunwa saboda wannan, to ka san wanda ya riga." Na kwana ina lissafi. Hatsi yana rumbu, kuɗin makarantar yara na biya, albasa tana ƙasa.

Motar fasinja ba ta ɗaukar kare, don haka na bi wani abokina direban babbar mota da ya yi lodin albasa zuwa kudu. Na shimfiɗa wa Barsu buhu a ƙasan kujera, kansa a kan ƙafata. Tafiyar kilomita 270 da wani abu ce, ta Ngong da Mbe, sannan a hau dutsen nan mai kwana-kwana da manyan motoci ke rarrafawa a kansa. Mun bar Garwa zafi ya haura digiri 40, muka isa Ngaundare da dare ina neman rigar sanyi.

Washegari aka ɗauki hoton ƙashi, wanda mu a nan muke ce wa radiyo. Dokta ya ɗaga shi a jikin taga ya nuna mini da bakin biro. Ga gurbin a kwatangwalo, kamar ƙaramin ƙoƙo, wayam. Ga kan ƙashin cinya, dunƙulalle kamar goriba, ya haye sama ya zauna inda ba wurinsa ba, leɓen gurbin kuma ya ɗan ɓantare. Ya ce da na zo a kwana biyu ko uku na farko, da an sa masa allurar barci an gwada mayar da shi da hannu, ko da yake shi ma yakan sake gocewa. Yanzu tsoka ta ɗaure, gurbin ya cike da gudan jini da nama. Kuma ko an mayar, al'ada ita ce a naɗe ƙafar a rataye ta kwana goma ko fiye kada ta taka ƙasa. Ya dube ni ya ce, "To da wace zai tsaya?"

Ya zayyana mini abin da ya rage. Akwai gaɓar roba da ƙarfe da ake dasawa a maimakon ta asali, irin yadda ake yi wa mutane. Ya ce a Turai da Amurka ana yi wa karnuka, kuɗinta miliyoyin sefa ne, shi kuma bai da kayanta. Akwai allurar da za ta raba shi da wahala gaba ɗaya, cikin barci, ba zafi. Sai ta ƙarshe, wadda da ya faɗe ta na ɗauka ban ji daidai ba: a buɗe cinyar a yanke kan ƙashin da wuyansa a jefar. Babu kai, babu gogayyar ƙashi da ƙashi, zafin ya tafi. A hankali jiki zai gina tauraren nama a wurin, tsokar ɗuwawu ta riƙe ƙafar, a samu wata gaɓa ta aro. Ya ce aikin ya fi karɓar karnuka marasa nauyi, waɗanda ba su wuce kilo 20 ba. Aka ɗora Barsu a sikeli, kilo 16.

Dokta bai yi mini daɗin baki ba, kuma wannan ne ya sa na yarda da shi. Ya ce kare mai ƙafa huɗu idan aka yi masa aikin nan yana rataye ƙafar ya yi tafiya da uku har ta yi ƙwari. Nawa ba shi da wannan damar. Duk takun da zai yi, a kan ƙafar da aka yanka zai yi shi. "Ni nawa aikin awa ɗaya ne da rabi," in ji shi. "Naka wata uku ne. Kai za ka zama ƙafarsa. In ka san ba za ka iya ba, gara mu yi masa allurar yau, ya fi masa sauƙi a kan ya ruɓe a kwance. Kuma ko ka yi duk abin da na ce, ban ɗaukar maka alkawarin zai tashi."

Na fita waje na zauna a gindin mangwaro na kira yayana, domin shi zai sayar mini da ragon da na turke tun bara don layya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai yanzu saboda Allah, a asibiti akwai mutanen da aka rubuta wa magani na jaka biyar suka kasa saya, kai kuma za ka zuba rago guda a kan kare? Karnuka nawa ne a Pitowa da za a ba ka kyauta?" Na ce, "Yaya, gaskiya ka faɗa." Har yanzu ina ganin gaskiya ya faɗa, ban kuma da amsar da za ta rushe maganarsa. Abin da na iya ce masa shi ne, ƙafar farko a bin tumakina ta tafi, ta biyu kuma sakacina ne ya hana a mayar da ita a kan lokaci. Dabbar da ta yi shekara shida tana kwana a waje don in kwana a ɗaki, ba zan iya kallon idonta in ce a kashe ta don na ga tsada ba. Ya ce, "Allah ya kyauta." Da la'asar sai ga kuɗin sun shigo wayata.

An yi aikin da safe. Da na shiga na same shi a kwance, an aske cinyar tas, ga ɗinki kamar tsawon tafin hannuna. Dokta ya miƙo mini abin da ya cire a cikin ɗan kwano. Ban yi zaton ƙanƙantarsa ta kai haka ba. Muka yi kwana huɗu a Ngaundare yana koya mini abin da zan yi, yana kama hannuna yana ɗorawa a inda ya dace, ya rubuta maganin zafi na karnuka mai suna meloxicam da awonsa daidai nauyinsa, amma ya ce sai cikin ya gama warkewa, kuma kullum bayan ya ci abinci.

Muna dawowa da 'yan kwanaki azumi ya kama, a farkon Afrilu, lokacin da Garwa take zama kamar tanda. Na gyara masa wuri a zaure, inda iska ke ratsawa. Uwargidana da farko ko kallon wajen ba ta yi. Ta ce, "Malam, ni dai kada ya kusanci tulunana da tabarmar salla." Na ce ta kwantar da hankalinta. Na yanke gindin tsohon bokiti na zura masa a wuya don kada ya lashi ɗinkin, na kuma rataya masa gidan sauro saboda ƙuda, domin a zafin nan ƙuda ɗaya ya isa ya sa ciwo ya yi tsutsa.

Ga yadda yinin yake tafiya. Bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe ido, in zura tsohon zani a ƙarƙashin cikinsa, in kama bakin biyu in ɗaga bayansa, mu fita ƙofar gida ya yi fitsari. Ina ɗauke da kusan duk nauyin, ƙafar tana taɓa ƙasa kawai. In dawo da shi in kwantar a gefen da babu ƙafa, in jiƙa tsumma a ruwan ɗumi in gasa cinyar, nesa da bakin ɗinkin. Sannan hannu ɗaya a kwatangwalo, ɗaya a gwiwa, in lanƙwasa ƙafar zuwa ciki a hankali, in miƙe ta baya, sau goma sha biyar. Miƙewa bayan nan ita ce mai zafi, ita ce kuma Dokta ya ce kada in yi mata ha'inci, don in naman ya ɗaure a takure, a haka zai zauna. Barsu yakan juyo ya kama wuyan hannuna da baki, bai taɓa datsawa ba, yana riƙewa ne kawai yana kallona har in gama. Haka da azahar, haka bayan tarawi. 'Yata ƙarama ita ke tsugunawa daga nesa tana ƙirga mini, in na yi sha huɗu na tsaya ta ce, "Baba, saura ɗaya."

Ranar da aka cika mako biyu likitanmu na Garwa ya zo ya cire zaren. Ciwon ya haɗe lafiya. Amma mako na uku shi ne mafi muni a wurina. Cinyar ta rame ta koma kamar sanda, fatar cikinsa ta goge inda zanin ke ci, ya daina cin abinci, idan na ɗaga shi sai ya saki jiki gaba ɗaya kamar buhu. Ni ma bayana ya riƙe, ga ƙishirwa, ga albasa tana jiran a kai kasuwa. Wata azahar na zauna a zauren na dube shi, na ce a raina anya ban zalunce shi ba? Anya ba don in wanke kaina na sa shi cikin wannan azaba ba? Na kira Dokta na ce ya gaya mini gaskiya. Ya tambaya ko akwai zazzaɓi ko kumburi, na ce babu. Ya ce in rage ɗagawa. "Kana ɗauke masa komai, me zai sa ya gwada? Sassauta zanin kaɗan, ka bar ƙafar ta ji nauyi."

A daren nan na tarar uwargida ta ɗauki zanin ta ninka shi uku, ta cusa auduga a tsakiya, ta ɗinke, ta yi masa hannaye biyu da igiyar buhu yadda zan riƙe ba sai na sunkuya ba. Ba ta ce komai a kai ba, ta dai rataye shi a ƙusar zaure. Kashegari kuma na ga romon kan kifi a kwanonsa, ba ni na zuba ba. Ya shanye.

Cikin goman ƙarshe na azumi, wata asuba, muna tsaye a ƙofar gida ina riƙe da hannayen zanin sakwa-sakwa, sai na ji babu nauyi a hannuna. Na duba. Ƙafar tana ƙasa, tana rawa kamar kara a iska, yatsun a buɗe sun kama ƙasa, shi kuma hankalinsa yana kan wata akuya da ke wucewa. Na ƙirga a zuci har bakwai kafin ya zauna. Na tsuguna a wurin na yi ta hamdala, hawaye yana zuba, masu dawowa daga masallaci suna wucewa suna kallona.

Daga nan abin ya riƙa zuwa da kaɗan-kaɗan, wata rana gaba, wata rana baya. Na koya masa zama da tashi da ɗan guntun ƙuli-ƙuli, sau biyar, daga baya sau goma, domin tashin nan shi ke gina tsokar ɗuwawu. Bayan ƙaramar salla na fara kai shi bakin kogi a amalanke. A watan Mayu Binuwai ta janye, rairayi ya fito fili, akwai wuraren da ruwan bai wuce gwiwata ba. Masunta suka nuna mini inda dorina ba ta zuwa, don kogin nan da dorinarsa. In shiga da shi har ruwa ya kai masa ƙirji, ruwan ya ɗauke rabin nauyin, ya yi ta taku yana bin hannuna. Minti biyar muka fara, muka kai ashirin. A nan na ga cinyar ta fara cikowa. Da ruwan sama ya sauka kogi ya fara ƙaruwa ya yi ja, sai muka koma tafiya a kan rairayi da ɗan hawan gangaren lambu.

Abu guda da na yi ta faɗa da mutanen gida a kansa shi ne abinci. Tausayi ya sa kowa yana jefa masa loma, har maƙwabta. Dokta kuwa ya ce duk kilo ɗaya da ya ƙaru, a kan gaɓar aron nan zai sauka. Na hana tuwon dare, na bar shi da kifi da ɗan abin da ya samu sau biyu a yini, yadda in na shafa gefensa zan ji haƙarƙari.

Da babbar salla ta zo a watan Yuli, ɗan akuya na yanka. Yaya ya aiko mana da cinyar ragonsa. Da ya zo gaisuwa da yamma Barsu ya taso daga zaure da kansa, ba zani, ya tako har bakin ƙofa. Yaya ya tsaya ya dube shi tun daga kai har ƙafar, ya ce, "Ikon Allah." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba, kuma har yau bai ce ya sauya ra'ayi ba.

Ba zan ce Barsu ya koma yadda yake ba. Ƙafar ta ɗan gajarce, bayansa yana karkata idan yana tafiya, ba ya iya tsallake kwalbati, gudunsa kuma bai wuce na 'yan taku ba. Na samo wani kwikwiyon da ke zagaye lambun yanzu. Shi Barsu wurinsa gindin inji, a kan buhu, kuma kunnensa yana nan; shi ke fara jin motsi ya yi haushi, ƙaramin ya ruga. Duk bayan 'yan kwanaki ni da yaron lambu muna bin dajin da ke bayanmu muna kwance tarkon waya, mun tara da yawa a cikin wani tsohon galan. Idan hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Janairu, cinyar takan ƙage masa da safe har ya kasa tashi da wuri. A irin ranakun nan nakan ɗora ruwa a wuta tun kafin in tayar da inji, in gasa masa wurin, in lanƙwasa in miƙe sau goma sha biyar, sannan mu fara ban ruwa.